Ra'ayinmu: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Kowace shekara, da zarar zangon karatu ya yi nisa, ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙananan hukumomi sukan shiga hidimar makon al'adu. A kafa rumfuna, a ɗauko makaɗa, samari su ɗaura warki, 'yan mata su sha lalle da kitso, a dama fura a ƙwarya, sa'an nan a gayyato babban baƙo ya zo ya maimaita jawabin da aka yi bara, ya ce al'ada ita ce tushen al'umma, a tafa masa. Da la'asar ta yi sanyi sai a naɗe tabarmi, a mayar da kayan aro, kowa ya koma ga littafinsa, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Ba raina wannan hidima muke yi ba, domin da mu ake yin ta. Abin da ya dame mu shi ne, cikin dukan jawaban nan ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace sauƙi ba: shin wanda ya ɗinka rigar da babban baƙo ya sa, nawa ya samu? Ɗansa kuma zai yarda ya gaje shi?

Wannan tambaya ce ta tattalin arziki, kuma a kanta muke son 'yan'uwa ɗalibai da yayyenmu sababbin ma'aikata su ba mu aron hankalinsu. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, Zariya ba ta taɓa rasa fasaha ba. Abin da ta kasa shi ne riƙe arzikin da fasahar take haifarwa. A nan ake kiwon saniya, a wani gari ake tatsarta. Kuma mu da muke zaune a Samaru muna da hannu dumu-dumu cikin wannan hasara, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari mu fara da riga, tun da ita muka ambata. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can suna kawo abin da bai gaza wuri miliyan 300 ba a shekara. Ya ga ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Arewacin ƙasar Zazzau yana cikin wannan yanki na auduga da baba, birnin Zazzau kuwa ya yi suna wajen ɗinkin hannu. To, mai karatu ya ƙirga mana bakunan da babbar riga guda take ciyarwa a wancan zamani. Akwai manomin auduga, da matan da suke gurza ta su kaɗa zare da mazari, da masaƙi, da marini a bakin karofi, da malamin da yake zana aska takwas ko aska biyu a gaban riga, da maɗinkin da zai shafe watanni yana bin zanen da allura, da mabugi, da dillali, da falken da zai ɗora ta bisa jaki. Audugar da ke jikin rigar ba wani kuɗi ba ce. Abin da ya sa Ba'abzine ko Babarbare yake kwance jakarsa ya biya shi ne kyawun aikin, watau shuɗin rini da ƙyallin bugu da tsarin ɗinki. Aikin da fasaha take yi a tattalin arziki ke nan: ta ɗauki abu mai araha ta mai da shi mai tsada, kuma ribar ta rarrabu a hannuwa da yawa kafin kaya su bar gari.

Kada mu manta da asalin garuruwan nan biyu da muke kai da kawowa a tsakaninsu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, a gefenta Sabon Gari ya tsiro, mazaunin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran wurare. Ba da jimawa ba kamfanin Turawa masu sayen auduga ya kafa injin gurza a Zariya. A 1922 aka soma aikin binciken noma a Samaru, babban abin da aka sa a gaba kuwa shi ne samun irin audugar da masaƙun Ingila suke so. Watau dai an kafa Sabon Gari da Samaru ne domin a kwashe kaya ɗanye a fita da su, aikin da ke kawo riba a yi shi a wata ƙasa. Gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin juya wannan akala da ta kafa masaƙar Kaduna a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban mutane suka sami abinci. Masaƙar farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu kuma, UNTL, ta tsaya a 2007. Yau maɗinkin birnin Zazzau shaddar Sin ko ta Ostiriya yake ɗinkawa, da zaren da aka shigo da shi. Daga cikin dogon jerin nan da muka ƙirga, hannunsa kaɗai ya rage mana, shi ma ga keken kwamfuta yana neman ƙwace masa.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, zamani ya wuce shi, kuma babu garin da al'ada ta taɓa ginawa a zamanin boko. Amsarmu tana Tudun Wada da kewayenta, ba sai mun je Turai ba. A farkon shekarun 1930 aka dawo da Hukumar Fassara zuwa Zariya, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga littattafan yaƙi da jahilci da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta Zazzau da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. A 1966 kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaji wannan aiki, shi ma a Zariya.

Malamanmu na sashen harsuna sukan koyar da wannan tarihi a matsayin tarihin adabi, kuma haka yake. Amma mu dube shi da idon ɗan kasuwa. Bayan kowane littafi akwai mai fassara, da mai gyaran rubutu, da mai zanen hoto, da mai jera baƙaƙe, da mai tuƙa injin, da mai ɗinke littafi, da akawu, da direban da zai kai kaya Gusau ko Yola, da mai shagon da zai sayar. Dukansu albashi suke ɗauka, a Zariya suke kama haya, a kasuwar Sabon Gari suke cefane. Hatta waƙoƙin Malam Aliyu Namangi, waɗanda a da sai a bakin almajirai ake jin su, da aka buga su suka zama haja mai tafiya gari-gari. Shekaru kusan hamsin duk yaron da ya buɗe littafin Hausa a Arewa, sunan Zariya yake gani a bangonsa. Me ya kawo haka? Ba don marubutan duka Zage-zagi ba ne, domin Imam mutumin Kagara ne da ya tashi a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa daga Bauchi yake. Dalilin shi ne a Zariya aka ajiye injin, da jari, da wanda zai sayi rubutu ya biya, da hanyar rarraba shi. Inda waɗannan suka zauna, nan arzikin fasaha yake zama.

Da suka tashi kuwa, ya bi su. Jaridun sun koma Kaduna a 1966. A shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, suka fi mai da hankali ga littattafan makaranta. Matasan Kano ba su zauna jiran kowa ba. Suka riƙa haɗa kuɗinsu suna buga labaransu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa masu shaguna a kasuwa, mata da 'yan mata suna saye suna ara wa juna. Masana da dama sun yi musu dariya, har aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. Ana cikin dariyar ne aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuma sana'ar fim ta kafu har ta sami sunan Kannywood. Muna da ƙorafi a kan ingancin wasu littattafan da finafinan, kuma ba mu janye shi ba. Amma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: Kano ta yi sana'a, mu a Samaru muka yi ta rubuta kundin digiri a kan sana'ar tata.

Labarin masu zane ya fi wannan ban takaici, don kuwa a cikin harabar nan ya faru. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, samari kamarmu, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, za su ɗauki dabarun da aka koya musu su haɗa da fasahar gidajensu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Babu mai rubuta tarihin zanen zamani a Afirka ya tsallake su. Okeke ya je Nsukka ya kafa tasa makarantar, Grillo ya shugabanci koyar da zane a Yaba, Onobrakpeya ya zauna a Legas, Nwoko ya yi gine-ginensa a Ibadan har aka ba shi babbar lambar girma ta masu tsara gini a birnin Venice na Italiya a 2023. A 2025 gidan nuni na Tate Modern da ke Landan ya shirya babban baje koli na zanen Nijeriya, aka ba 'yan Zariya gurbinsu. Ba mu ga laifinsu ba da suka tafi, kowa ya koma inda zai ci abinci ne. Tambayarmu ita ce, bayan shekara sittin da ɗoriya, me ya sa har yau wanda ya gama koyon zane ko saƙa ko ginin tukwane a Samaru, in yana son ya rayu da hannunsa, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Legas ko Abuja? Sunan Zariya yana tashe a ɗakunan gwanjo na duniya, ita kuwa Zariyar ba ta ga ko anini ba.

Kwanan baya ɗaya daga cikin masu shirya wannan mujalla ya shiga birni neman rigar da ƙungiyarsu za ta ba baƙonta kyauta. Aka yi masa kwatance har zauren wani dattijo, ya same shi zaune bisa buzu, tabarau ɗaure da zare, riga shimfiɗe bisa gwiwa. Bayan gaisuwa sai ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya kuma soma ciniki irin na ɗalibai, watau a fara da rabin rabi. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, daga Samaru kake ko?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Ya ce, "Na sani. Ku ba ku tunawa da mu sai ranar biki, ranar ma sai kun nemi ragi. Wannan da kake gani tun kafin azumi nake kanta. Wanda ya kawo aikin zai karɓe ta ya kai Kaduna, daga can a wuce da ita Abuja, wanda zai sa ta ba zai taɓa jin sunana ba. Kuɗin da za a sayar da ita ma ba a gaya mini, don kada raina ya ɓaci." Da aka tambaye shi ko yaransa suna taya shi, sai ya nuna babur ɗin haya da ke jingine a ƙofar gida, bai ƙara cewa kome ba. Abokin namu ya ce bai iya ci gaba da cinikin ba.

Wannan dattijo bai karanta ilmin tattalin arziki ba, amma ya zayyana matsalar fiye da yadda muke yi a ɗakin jarrabawa. Ba shi da jarin sayen yadi, saboda haka ɗan ƙodago ne a kan fasaharsa. Bai san mai saye ba, saboda haka ba shi da bakin yanka farashi. Babu sunansa a jikin aikinsa, saboda haka gwanintarsa ba ta tara masa kome. Haka abin yake ga matan birni da suka shiga ɗinkin riguna da huluna daga cikin gidajensu tun wajen shekarun 1970, haka yake ga baduku da majemi. Kowa ya san fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suke ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun Larabawa suka sa mata suna fatar Maroko. Sunan ma bai tsira ba, balle riba. Ga cibiyar binciken fata ta tarayya nan a Samaru, amma har yanzu yawancin fatar da ake jemewa a ƙasar nan fita ake yi da ita, mu kuma mu sayi takalmin da aka yi a waje.

Sai dai kafin mu ɗora wa dillali da gwamnati dukan laifi, mu duba namu. Ilmin boko ya zo mana da wani irin girman kai. Yaro ya shiga sakandare, sai ya soma jin kunyar a ce ubansa maƙeri ne ko marini. Wannan jami'a ta ba Ladi Kwali, mai ginin tukwane, digirin girmamawa a 1977, hotonta yana bayan takardar naira 20. Ta ba Alhaji Mamman Shata irin wannan digiri a 1988. Mun tafa, mun ji daɗi. Amma wane ne cikinmu, in makaɗi ko baduku ya zo neman auren ƙanwarsa, ba zai ce a tsaya a yi bincike ba? Dubi gini kuma. Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, masu koyon tsara gini a ƙasashen duniya suna nazarin bakan gizonsa. Majami'ar Wusasa ta 1929 da ƙasa magina Hausawa suka gina ta. Dandalin wasan kwaikwayo na wannan jami'a, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, shi ma da ƙasa aka yi shi bisa fasalin gidan Bahaushe. Duk da haka, ranar da ɗayanmu ya sami aiki ya tara kuɗi, abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron kakansa ya kafa bulo da kwano, sa'an nan watan bazara ya fito waje da tabarma yana zagin masu wutar lantarki. Sana'ar da masu ilmi suka raina, da me za ta ja hankalin yaro mai basira?

Mun san akwai masu shakka, kuma shakkarsu ba ta banza ba ce. Wasu iyayenmu da malamanmu da sun ji an ce fasaha da al'adu, abin da yake faɗo musu a rai shi ne rawa da cakuɗuwar maza da mata. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta jihar Kano, malamai da jama'a da yawa suka ƙi, aka janye. Damuwa da tarbiyya ba abin yi wa dariya ba ne, kuma waɗanda suka kawo shirin ba su nemi shawarar mutanen da za a kai wa ba. Amma janyewar ba ta hana a ci gaba da yin fim ba, ta dai hana a sami wurin koyon yin sa da kyau. Bugu da ƙari, fasaha ta fi fim faɗi nesa ba kusa ba. Mai rubuta Alƙur'ani da hannu, da mai zayyanar allo, da badukun da yake ɗinka gafaka, da mai rubuta waƙar wa'azi, duk masu fasaha ne, kuma su ma kura ce mai shan bugu.

Wasu kuma, musamman 'yan'uwanmu na sashen tattalin arziki da injiniya, za su ce ƙasar da ba ta da wuta da hanya da tsaro ba ta da lokacin zancen ɗinki. Mun yarda da rabin maganarsu. Babu allurar da za ta maye gurbin masana'anta, kuma duk wanda ya ce baƙi 'yan yawon buɗe ido za su cika Zariya alhali mutane suna fargabar hanya, mafarki yake yi. Shi ya sa ba mu ɗora fatanmu a kan Bature mai kyamara ba. An sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, abin farin ciki ne, amma ko kafin nan Hawan Bariki da Hawan Daushe na Zazzau suna ciyar da masu yin sirdi da linzami da jalala da alkyabba, da maƙera, da masu naɗa rawani, da masu yankan ciyawa, kuma ba kuɗin baƙi ba ne, kuɗin gida ne. Kasuwarmu ta gaskiya mutanenmu ne: mai zuwa ɗaurin aure a Kaduna, da ɗan majalisa a Abuja, da alhajin Maraɗi da na Yamai, da mazauna zango a Kumasi da Ankara, da Hausawan Kamaru da Sudan da Makka. Miliyoyin mutane ne masu sa babbar riga da hula, masu sauraron waƙar Hausa, masu kallon fim ɗin Hausa. Wannan kasuwa tana nan, ana kuma cin ta, sai dai masu ci ba su ne masu yi ba.

Gwamnati ma ta farga, a bisa takarda dai. Da aka sake lissafin arzikin ƙasa a 2014 an gano harkar fim da waƙa ta kai wajen kashi 1.4 cikin ɗari. A 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman domin fasaha da al'adu. Amma mafi yawan wannan harka a Legas take, dattijon da ke zaure kuwa babu littafin gwamnatin da ya san da shi. In muka zauna jiran Abuja ta gano shi, sai dai ta tarar da babur.

Saboda haka bari mu yi maganar abin da yake hannunmu. Tsakanin babbar ƙofar jami'a da Ƙofar Doka tafiyar bas ce ta ɗan lokaci, amma a zahiri kamar akwai teku a tsakani. An taɓa ƙetare shi. A 1977 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo suka shiga ƙauyukan ƙasar Soba da Wasan Manoma, suka zauna da mutane suka ji matsalolinsu, suka mai da su wasa a dandalin gari, har aikin ya zama abin koyi a wasu ƙasashen Afirka. Abin da suka yi don wayar da kai, mu muna iya yin sa don neman abinci. Kowace shekara dubban ɗalibai suna rubuta kundin kammalawa, a ɗaure shi da baƙin bango, a jibge a ɗaki gara ta ci. Me zai hana ɗalibin akanta ya zauna da maɗinka goma ya koya musu lissafin abin da riga take ci, tun daga yadi har kwanakin aiki? Me zai hana ɗalibar shari'a a Kongo ta taimaka musu su yi rajistar ƙungiyar gama kai, ta kuma fassara wa mawaƙan Sabon Gari sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, su san abin da suke sayarwa in sun ba da waƙa? Ɗalibin tsara kayan masana'antu yana iya zana wa baduku sabon fasalin jaka da takalmi, ya kuma koyi yanka da ɗinki a wurinsa, don shi ma yana da abin koya. Mai karatun kwamfuta kuwa, wayar da yake ɓata dare a kanta ita ce za ta haɗa maɗinkiyar Tudun Wada da mai saye a Yamai ba tare da an bi ta hannu huɗu ba. Muna roƙon shugabannin sassa su karɓi irin wannan aiki a matsayin aikin kammalawa mai cikakkiyar daraja.

Ga ƙungiyoyinmu kuma, maganar ta fi sauƙi, don kuɗin namu ne. Harajin da ake karɓa a hannun ɗalibai ana buga riguna da shi, a sayi jakunkuna da allunan yabo da kyaututtukan baƙi. Muna neman majalisar ɗalibai ta zartar da ƙa'ida cewa irin waɗannan kaya a yi su a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da birni, a biya mai aikin hannu da hannu, a rubuta sunansa a jikin kayan, a kuma bayyana abin da aka biya shi a rahoton ma'aji. Makaɗin da aka gayyato makon al'adu a yanka masa lada tun kafin ya zo, kada a bar shi da abin da aka liƙa masa a goshi. Za a ce kayan gida sun fi tsada, wani lokaci ma ba sa zuwa a kan kari. Gaskiya ne, mun sha gani. Amma mai sana'ar da bai taɓa samun oda mai yawa a kai a kai ba, ina zai koyi cika alkawari?

Yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu suke zaune a ofisoshin Kaduna da sakatariyar Sabon Gari da ma'aikatun tarayya, ku ne kuke rubuta takardun sayen kaya, ko da ba ku ne kuke sa hannu na ƙarshe ba. Tun watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin wasu kayayyaki, ciki har da kayan sawa na aiki da takalma da kujeru da kayan rubutu, a kan abin da aka yi a gida. Ba mu ce ku yi wa kowa alfarma ba. Cewa muka yi, in fayil ya zo gabanku, ku tuna da wannan umarni, ku rubuta shi a gefen takarda inda maigida zai gani.

Mu ma ba za mu tsaya ga faɗa wa wasu ba. Daga fitowa ta gaba wannan mujalla za ta keɓe shafi biyu ga masu sana'ar hannu na Zariya da kewaye, mutum ɗaya ko gida ɗaya a kowace fitowa, bisa yardarsu: abin da suke yi, da kwanakin da yake ci, da abin da suke kashewa, da abin da yake shiga aljihunsu. Za mu fara da maɗinkan birni, sa'an nan dukawa da masu ɗab'i na Sabon Gari. Muna bukatar ɗalibai shida da za su riƙa shiga gari ranar Asabar, biyu daga cikinsu mata, domin akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Kuɗin mota a kanmu yake.